Burtalin Tauraruwa Mai Wutsiya

Zuwa ga Malam, baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan saƙo ya iske ka, ko da yake ban san inda zan aika shi ba. Ummi ce ta ce in rubuta a waya inda jama'a ke karantawa, ko wani ya san wani.

Damina ta wuce, wata daminar ta zagayo, tun ranar da ka tashi daga makarantarku ta Damari a kan babur 'yan bindiga suka tare ku a daji, kai da sauran matafiya. Wasu sun dawo. Kai shiru.

Ga dalilin rubutuna. Makon jiya bayan isha'i muna tsakar gida, tauraruwa ta yanko ta faɗi ta wajen dajin. Inna, mahaifiyarka, ta saki carbi ta yi salati, ta ce shi ke nan, ɗanta ne ya tafi. Yanzu yayyenka sun ce ranar Juma'a za a yi maka sadaka, ni kuma in shiga takaba. Amsata suke jira.

Ban iya yi wa Inna musu ba. Amma kai ka faɗa mini wannan ba tauraruwa ba ce.

Ka tuna shekarar da mai wutsiya ta fito ta yamma bayan magariba, unguwa ta tsorata ana cewa babban mutum zai rasu? Ka ɗaure goruba da igiyar shanya kana wulwula ta bisa kanka. Ka ce kai ne rana, gorubar duniya, igiyar kuma jan da rana ke yi mata. Igiyar ta kwance, duniya ta faɗa mini cikin miyar kuka. Ina faɗa, kana dariya har da riƙe ciki.

Ka ce falaki, ban gane ba. Sai ka ce burtali, irin wanda shanu ke bi. Kowane abu a sama da burtalinsa. Na duniya zagaye ne, shekara guda take ƙare shi. Akwai manyan duwatsu can nesa masu tafiya garke guda, su ma rana suke zagayawa. Ita mai wutsiya ƙanƙara ce da ƙura, nata burtalin dogo ne ƙwarai. Takan yi nisa cikin sanyi da duhu har a manta da ita, amma rana ba ta sake ta ba.

Masu faɗowa kuwa, ka ce tsakuwoyi ne da ta zubar a hanya. In duniya ta ratsa wurin sai su ƙone a iska. Ka ce ba mutuwar kowa ba ce, sawu ne.

Na tambaye ka yaushe za ta dawo. Ka ce wata kan daɗe fiye da rayuwar mutum. Ranar ban damu ba, goruba nake tsamewa daga miya. Yanzu maganar nan ce ke dawo mini duk lokacin da na ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Malam, na yi kewarka. Rigarka mai alli a hannu tana nan a rataye, na kasa wanke ta.

Ranar Juma'a zan durƙusa gaban Inna in ce a yi sadaka, don tana amfanar mai rai da mamaci. Amma takaba, a yi mini haƙuri. Ba zan yi takabarka saboda tsakuwa ba.

Ya Allah, in bawanka yana raye, ka riƙe shi kamar yadda ka sa rana ta riƙe abin da ya yi mata nisa, ka juyo mana da shi. In ya riga mu, ka jiƙansa, ka kawo mana labari na gaskiya. Amin.

Ina nan bakin burtali.

Taka,
Maman Ummi, Tsohon Birnin Gwari