Ku Cire Kukana Daga Wayoyin Mutane

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar matasa masu wayar da kai kan sauyin yanayi a Kano ta Kudu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyalinka. Sunana Rakiya, daga yankin Burumburum. Ni ce matar da ke cikin bidiyonku.

Na farko. Da daminar bara 'yata Sa'a ta tafi kai wa babanta abinci gona. Ko ɗigo bai sauka a garinmu ba, can duwatsun Doguwa aka yi ruwan. Tana tsakiyar rafin da muke tsallakawa tun muna yara ruwa ya taho ya tafi da ita. Da aka fito da gawarta na zube a taɓo, ba ko ɗankwali, ina ihu. Ashe mutanenku suna tsaye da waya.

Na biyu. Ba ku nemi iznina ko na maigidana ba. Kuka ɗora wa kukana kiɗa, kuka rubuta a daina sare itatuwa, kuka watsa wa duniya. Ko ta'aziyya ba ku zo ba.

Na uku. Ina cikin motar Tudun Wada wani saurayi ya kunna bidiyon a bayana. Na ji muryata ina kiran sunanta, ya ƙare, ya sake kunnawa. Na sauka a hanya, na ƙarasa da ƙafa. Ƙanwarta da muka hana ganin gawar, a wayar maƙwabta ta gani. Har yau ba ta yarda a zuba mata ruwa a ka.

Maigidana ya je ofishinku, aka ce masa bidiyon ne ya fi jawo matasa, har an dasa itatuwa saboda shi. Ban musa ba. Mu ma mun san damina ta canza, a jikinmu muka sani.

Ga roƙona. Ku cire shi, ku nemi waɗanda suka yaɗa su goge. Sannan ku haɗa matasan Doguwa da namu a waya, duk ranar da aka yi ruwa a can duwatsu su sanar da mu kafin ya iso. Har yanzu yara na tsallaka rafin nan.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raya maka zuri'a. Kada Ya nuna maka ranar da za ka gane abin da nake faɗa.

Wassalam.

Rakiya, uwar Sa'a.