Ɗigon da ke Jikin Kwalbar Sifeto

Litinin, 3 ga Maris

Na binne Sifeto a bayan ɗakin girki. Shekara goma sha ɗaya muna tare da kyanwar nan. Marigayi maigidana ne ya raɗa mata sunan, don ba a sauke tukunya ba ta zo ta duba ba. A kan tari na kai ta asibitin dabbobi. Tari kawai! Likitan ya rubuta 5 a jikin kwalbar magani, ya haɗa ni da sirinji mai awon mil, ni kuma na ɗura mata mil biyar da hannuna safe da yamma. Kwana biyu ta kasa tsayuwa.

Laraba, 5 ga Maris

Na koma da kwalbar wurin likitan. Wai rabin mil ya rubuta, wai akwai ɗigo kafin biyar ɗin. Ni zai gaya wa ɗigo? Shekara talatin ina koyar da lissafi, ina zabge wa yara maki a kan ɗigo. Na ce, "Likita, to ina sifilin?" Ya ce ranar mutane sun yi yawa. Ko haƙuri bai ba ni ba, idonsa na kan mai karen da ke bayana.

Abu ɗaya nake so, ya rubuta cewa kuskurensa ne. Ko na daina kallon hannuna.

Asabar, 8 ga Maris

Ɗan yayana lauya ya zo. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Gwaggo, a wurin kotu kyanwa dukiya ce, kamar kujera. Kuɗinta a kasuwa za a tambaya." A bakin kwata marigayi ya tsince ta, wa zai yi mata kuɗi? Saura hanya biyu, in ji shi: ƙorafi ga hukumar likitocin dabbobi, ko wasiƙa daga ofishinsa. Ya tambaya ko an yi binciken gawa. Na ce sai dai ya ɗauko shebur. Da zai tafi ya ce in adana kwalbar, kada in rubuta komai a jikinta, ita kaɗai ce shaidarmu.

Talata, 11 ga Maris

Ofishin hukuma. Benci, fanka mai ƙara, fom shafi huɗu. Magatakardan ya ce, "Mama, irin wannan yakan ɗauki wata takwas, kuma yawanci jan kunne ne." Shi ya karanta mini ƙananan rubutun. Ya ce in cike in kawo tare da kwalbar.

Juma'a, 14 ga Maris

Na sake zuba ruwa a kwanon Sifeto. Mantuwa.

Alhamis, 20 ga Maris

Likita ya amsa wasiƙar lauya da hoton katin asibiti. 0.5 a rubuce, sifili ƙato kamar ƙwai. Ba kalmar kuskure ko ɗaya. Na gaji, wallahi na gaji. 'Yata kuma ta matsa sai da ta kai ni gwajin ido, wai tabarauna ya girmi ɗanta.

Lahadi, 30 ga Maris

Jiya sabon tabarau ya iso. Da safe na kai kwalbar bakin taga, ban san me ya kai ni ba.

Akwai wani abu kafin biyar ɗin. Ɗan mitsitsi. Ƙila ƙura ce. Na goga da yatsa, na goga da bakin zane, bai fita ba.

Duk da haka ya kamata ya sa sifili. Ɗan aji huɗu ya san wannan.

Na daɗe a tsaye. Sai na ɗauko jan birona na makin jarrabawa, na zana sifilin kafin ɗigon a jikin kwalbar, a hankali, yadda nake yi wa yara. Lauya ya kira sau biyu a kan fom ɗin, ban ɗauka ba. Kwanon ruwan na wanke na kife.