Farin Maɓalli da Baƙi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinki na ɗakin gwajin jini. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa, kin ga kuwa ta warke.

Yaya, godiya ce ta sa na ɗauki biro. Kin san ni da baban yara duk AS ne, kuma likita ya ce ɗa ɗaya cikin huɗu na iya zuwa da sikila. To ni da ƙwaƙwalwata ta tela, sai na auna abin kamar yadi: uku sun fito lafiya, ke nan wannan cikin na huɗu shi ne ragowar. Wata biyar ban ci abincin kirki ba. Ina ɗinka wa jariran mutane kaya, amma na kasa yanka ko hular nawa.

Sai ga wasiƙarki kina cewa in share hawaye in ɗauko gwangwani biyu, nawa da na babansu, in sa farin maɓalli da baƙi a kowanne. In rufe ido in zaro ɗaya nan ɗaya can, in mayar, in sake. Kika ce sai baƙi biyu sun haɗu ake samun sikila, kuma gwangwani ba ya tuna abin da aka zaro jiya, kowane ciki da nasa lissafin. Na zauna a bakin keken ɗinki na yi sau arba'in, baban yara yana rubutawa yana yi min dariya. Baƙi biyu sun haɗu sau tara, wani lokaci a jere, wani lokaci a zara sau goma babu su. Tsoron bai tafi duka ba, amma ranar na ci abinci, na kuma yanka 'yar riga.

To na sauka lafiya, mace. An yi mata gwaji, jiya sakamako ya fito: AS ce, kamar iyayenta. Na yi kuka sosai, Yaya. Allah ya saka miki da alheri.

Ki gai da maigidan, da 'yar lelenki, da surukarki. Inna da Kawu suna gaishe ki. Rigar nan ce a jikin takwararki yanzu, na ɗinka mata maɓalli biyu a wuya, fari ɗaya, baƙi ɗaya.

Ƙanwarki mai keke.