Ni Ina Ɓoye Asalina, Shi Yana Roƙon Kotu Ta Ba Shi

Inna Visalam, ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana ya riƙe ta a cikinsa. Kada ki buga sunana, ko da yake sunan ma ba shi iyayena suka raɗa mini ba.

Na shekara ashirin da shida ina zaune a birnin Coimbatore. Injiniya ne ni a wani kamfanin famfunan ban-ruwa, ina da mata da 'ya ɗaya, kuma ni ne sakataren ƙungiyar mazauna benenmu. Kin san halin mutanenmu, ba mai tambayarka asali kai tsaye. Sai dai a ce "wane ƙauye?", in ka faɗa a ce "wane layi?" Mu kuwa namu ba layi ba ne, koloni ne, can bayan tafki inda aka ware mu 'yan Dalit, waɗanda tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa. Don haka ranar da na sauka birni na ɗauke gidanmu da baki na kai shi layin haikali, inda masu babban asali suke, kuma can yake har yau. Naman shanu sai na yi tafiyar aiki nake ci, don masu babban asali ba sa taɓa shi. Bara wani malamin makaranta ya zo neman haya a benenmu, aka gano ɗan koloni ne, aka ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, Inna. Har na riga wasu.

To ga abin da ya taso. Muna da gona eka biyu, irin ta panchami ɗin nan da aka raba wa mutanenmu tun zamanin Turawa, bisa sharaɗin ba a sayar da ita sai ga ɗan'uwa Dalit. Babana ya sayar wa Velusamy, mai rabin gonakin ƙauyen, don ya kai ni kwaleji. Sharaɗin yana nan rubuce a takarda. Babana da gaske bai iya karatu ba, Velusamy kuma ranar ya manta ya iya. Dukansu sun rasu.

Yanzu babbar hanya ta ratsa ta gefen gonar, ƙasar da ko akuya ba ta so ta koma zinari. Yayata Poongodi, wadda ba ta taɓa barin koloni ba, ta tono tsohon rajista ta maka Thangavel ɗan Velusamy a kotu. Shekara uku ke nan tana sintiri ita kaɗai a motar haya. Sai ga Thangavel ya fito da takardar shaidar asali, wai su ma Dalit ne, wai kakanninsa daga wata gunduma suka zo suka ɓoye asalinsu saboda kunya, don haka cinikin bai saɓa doka ba. Inna, labarina ne fa ya sace! Mutumin da ubansa ke tsiyaya wa ubana shayi a ƙoƙon kwakwa daga nesa. A ƙofar kotu ya tare Yaya yana cewa, "Yaya, me ya yi zafi, ai jini ɗaya muke." Ta ce, "To ƙanena, zo gida ranar Lahadi, kan saniya zan dafa." Har yau ba ta gan shi ba.

Matsalar ita ce ni kaɗai zan iya ƙaryata shi. Kin san in babban mutum ya mutu, ɗan koloni ake aika kai saƙon mutuwa ga dangi. Da kakan Thangavel ya rasu ni aka aika, ina ɗan shekara sha tara. Ƙauye bakwai na taka da ƙafa, na san ƙofar kowane ɗan'uwansu, domin a waje na tsaya a dukansu. Babu ko ɗaya a koloni. Lauya ya ce in zo ranar sha tara ga watan gobe in faɗi haka, da takardar asalina a hannu. 'Yan jarida suna zuwa zaman, shugaban ƙungiyarmu kuma har tallan gidaje yake karantawa a jarida.

Matata ta sani, ta ce ita ba ruwanta. 'Yata Yazhini ba ta sani ba, kuma ita nake jin tsoro. Yaya kuwa ta bugo waya ta ce, "In ba ka zo ba, zan gaya wa alƙali ƙane ɗaya gare ni, Thangavel." Ina jin kunya, ina jin haushi, kuma gaskiya ina son rabona na gonar. Yaya zan yi?

Ɗan Layin Haikali (na bogi), Coimbatore

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, daga baya dariyar ta gushe. Mutum biyu a gaban alƙali ɗaya, kowa yana son rigar ɗan'uwansa.

Ba zan raina tsoronka ba. Ba kai ka ƙirƙiro tambayar layi ba, kuma wanda bai taɓa tsayuwa a wajen ƙofa ba bai isa ya ce maka matsoraci ba. Maƙwabta za su iya sauya maka fuska, kujerar sakatare ma tana iya tafiya. Shi ma Thangavel, ban da ƙaryarsa, ba shi ya yi cinikin ba. Ya tashi ya ga gona a gidansu, ya kusa shekara talatin yana nomanta. Wannan alƙali zai auna, ba kai ba.

Kada kuma ka fara raba gonar a ranka. Ko an soke cinikin, ba lallai a miƙa muku ita a hannu ba; gwamnati tana iya karɓar abinta, sannan ta duba wanda za ta ba. Ka zauna da lauyan ya fayyace maka wannan, ka kuma tambaye shi yadda za a haɗa sunanka na da da na yanzu a takarda, don kada lauyan Thangavel ya yi maka tsirara da shi. In don rabo za ka je, za ka iya dawowa hannu biyu babu komai.

Amma ka je. Kafin nan, a wannan makon, ka zaunar da Yazhini ka gaya mata da bakinka. Za ta ji zafi, wataƙila ba don koloni ba, don an hana ta gwaggo da kaka. Jin haka daga uba ya fi jin sa daga bakin maƙwabci a matattakala. Shi kuma malamin makarantar nan, ka neme shi. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka ce hannunka yana cikin waɗanda aka ɗaga.

Ciniki biyu na gani a wasiƙarka. Babanka ya sayar da gona don ka zama mutum, kai kuma da ka zama mutum ka sayar da shi don a gaishe ka a bene. Na farkon yana hannun alƙali, kuma yana iya ƙara shekara goma a can. Na biyun kai kaɗai za ka iya soke shi, kuma ba ya buƙatar lauya.

Ubangiji ya ƙarfafa maka gwiwa, ya sanyaya zuciyar 'yarka. Ka gaishe mini da Poongodi, gaisuwa ta musamman.

Inna Visalam