Injinmu da 'Ya'yanmu a Kasko Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Samar da Man Inji daga Tsohon Man Suya, shiyyar Yauri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Talatu, ni ce shugabar ƙungiyar mata masu turara shinkafa a wani ƙauyen bakin ruwa cikin ƙasar Ngaski. Mu ne kuka kawo wa injin casa bara bayan damina, aka yi mana hoto muna ta washe baki.

Yabon gwani ya zama dole. Injin nan ya raba mu da taɓarya, ya kuma raba mu da loda buhuna a kwalekwale zuwa Yelwa don a cashe mana. Man naku ma, wanda kuke kira bayodizal mu kuma muke ce masa man ƙosai, ba shi da laifi. Hayaƙinsa ba ya shaƙe mutum, sai ƙamshin soyayyen kifi. Da azumi sai da liman ya aiko a duba ko wata ce ta ɗora kasko da tsakar rana. Saratu, mai kula mana da injin, ta ce ita dai Kirista ce amma injin ba ta san addininsa ba.

To, ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar.

Na farko, sharaɗinku. Kun ce mu riƙa tara man suyan da aka gama da shi za a zubar, mu kai cibiyarku a Yelwa, ku musanya mana da man inji. Kun ƙara da cewa duk ranar da aka sami man gas a tankin, za a ɗauke injin a kai wani gari. Muka amsa da to, don wanda aka miƙo wa kyauta ba ya tsayawa dogon tambaya.

Na biyu, kuma shi ne ainihin kukana. Yallaɓai, a wane gida aka taɓa zubar da mai a ƙasar Yauri? Wataƙila a manyan otal na birni ana yi, ban sani ba, ban taɓa kwana a can ba. Mu nan mai soya tarwaɗa takan soya da mai yau, ta soya da shi gobe, har ya yi baƙi. In ya yi baƙin ma ba a gama da shi ba, lokacin ne ya yi daɗi. Shi ake yaryaɗawa a ɗanwake da rogo da garau-garau. Maƙwabciya ta miƙo kofi ta katanga a ɗiba mata na miya. Ragowar ƙasan kasko a shafa wa turmin da ya tsage ko a hura wuta da shi. Abin da kuke kira shara, mu shi ne naman talaka.

Na ɗauki jarka na bi gida-gida, ni da furfurata. Na bi masu suyar kifi a bakin kasuwa har sun fara ɓoye kasko in sun hango ni. An laƙaba mini Talatu Mai Lashe Kasko, jikokina ma suna faɗi in sun ga na ba da baya. A gidana na fara rage man miya ina ɗurawa a jarka, maigidan ya ci tuwo ya dube ni ya tambaya ko injin ne ya aure ni. Da na kai abin da na tara cibiyarku, man da aka ba mu bai kai mu ko'ina ba.

Na uku, ma'aikacinku mai zuwa dubawa. Yaro ne mai ladabi, Allah ya yi masa albarka. Yakan durƙusa ya gaishe mu, sannan ya je ya sa hanci a bakin tanki kamar mai zaɓen daddawa. Zuwansa na ƙarshe ya tarar da injin a kashe don rashin mai, ya ce in ya dawo ya same shi haka, zai kai rahoton cewa ba ma buƙatarsa. Ka ga in mun zuba gas a ɗauke, in mun bar shi a kwance a ɗauke. Ga shinkafa ta sunkuyar da kai a fadama, yanka ya ƙarato.

Don haka ina roƙon abu uku. Ku yarda mu riƙa gauraya man naku da gas, tunda makaniken Yelwa ya ce injin zai sha haka. Ku dubi bini-da-zugu, wanda muka ji ana yin irin wannan man da 'ya'yansa. Ga shi nan ya kewaye gonakinmu, ko akuya ba ta kallonsa, ba wanda zai yi kishi da inji a kansa. Sannan ka zo da kanka, don gani ya kori ji.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne Inna Laraba, tsohuwa mai riƙon marayun ɗanta. Da ta ji za a ɗauke injin, sai ga ta a ƙofata da 'yar kwalbar man suyar kifi a ƙulle cikin gefen zane, wanda take ɗiga wa yaran a rogo. Ta ce a ba injin, su sa ci da gishiri, don hannunta ba zai sake iya taɓarya ba. Kunya ta kama ni, raina ya ɓaci ƙwarai. Na mayar mata da kwalbarta, na rataye jarkata, kuma ba zan sake ɗaukarta ba. In injin sai da wannan kwalbar zai zauna a garinmu, ku turo mota, mu da kanmu za mu taya ku ɗora shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa kada tukunyar gidanka ta taɓa rasa mai.

Wassalam.

Taku,
Talatu, a madadin matan ƙungiya.