Igiyar Mai Dogon Wuya

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya kuma tarin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji saƙonki, cewa ƙarshen wata za ki turo mota a kwashe mu, ni da Babanki, mu koma wurinki. Allah ya yi miki albarka. A waya ba na iya sakin baki, domin tun da idonsa ya tafi kunnensa ya ƙara kaifi, shi ya sa na ɗauki biro.

Likita ya gama magana, idon ba zai dawo ba. Jikinsa kuwa lafiya lau, har ya fi nawa. Amma tun da muka baro asibiti bai taka matakalar benen nan ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan doguwar bas a cikin gari, ga shi yau daga gado sai banɗaki. Abinci ya tsakura ya ture. Tsorona, Uwata, in na bar shi haka zai narke a gabana, in kuma muka ɗauke shi muka kai gidan da bai san ko ƙofarsa ba, zai fi saurin narkewa.

Kin san ƙungiyarsu ta ranar Asabar a shagon Mai Walda, tsofaffi da furfurarsu suna musu a kan dainoso, manyan halittun nan da suka ƙare tun kafin a yi ɗan Adam. Kin san dokarsu: kowa da dabbarsa, kuma ba a haɗuwa biyu a kan ɗaya. Mai Walda ya riƙe Mai Ƙaho Uku. Nas ta riƙe giwa mai gashi. Tela, ɗan sirit ɗin nan da iska za ta iya ɗauka, ya zaɓi mai fukafukai. Babanki kuwa Mai Dogon Wuya, tun kina goye. Ni dai shekara da shekaru dariya nake musu, ina cewa kowa ya zaɓi abin da ya yi kama da shi.

Jiya suka zo duba shi. Suka zauna jugum kamar masu ta'aziyya, kowa na tsoron ambaton dabba. Can sai Tela ya kasa daurewa. Ashe ya samo wani ƙaton hoto na Mai Dogon Wuya, ya naɗe shi a hammata. Ya zabura ya warware shi a gaban Babanki, bakinsa har kunne, yana ce masa ya duba wuyan nan, ya duba! Tela ya tsaya da hoto a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Babanki ya juya ya fuskanci bango, kuma har yanzu can yake kallo.

Ki ba ni zuwa ƙarshen watan. In ban ga canji ba, ni da kaina zan ɗaure kaya. Ki gaishe da maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Ummanki

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma ƙaramar ta koma makaranta. Mu nan sai godiya. Babanki yana nan yadda kika sani.

Tela ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Ya ce rabonsa da barcin kirki tun ranar. Na so in wanke shi tas, amma na ga idonsa ya yi ja, sai na kawo masa kujera. Ya ce kuskurensa ɗaya ne: shi tela ne, kuma tela ba da ido yake sanin jiki ba, da awo yake sani. Ya roƙe ni izini su auna Mai Dogon Wuya a jikin igiya, daga hanci har bakin wutsiya, tsawonsa na gaskiya yadda masana suka ƙiyasta.

Na bi shi shagon Mai Walda, karo na farko a rayuwata. Ƙarafa ko'ina, ga benci ɗaya, ga bango duk hotunan ƙasusuwa. Suna jan igiya a ƙasa, Tela na bi da abin awonsa. Kowane ƙashin wuya ya yi masa ƙulli. A kafaɗa ya ɗinka tsumma mai kauri, a ƙugu ya ɗaura zoben ƙarfe, don hannu ya gane inda yake. Mai Walda na ta gunaguni wai da Mai Ƙaho Uku ne da tuni an gama.

Daga nan suka ɓullo mini da dokar da ban sani ba. Dole wani ya riƙe wutsiya, kuma sun ce ni ce zan riƙe, amma ba a ba bare aikin ƙungiya. Wai sai na zaɓi dabbata tukuna. Na ce su rufa mini asiri, da girmana. Nas ta ce ita ma da girmanta, ta miƙo mini wani littafi mai nauyi.

Uwata, na buɗe shi don in samu abin tsokana, sai na shagala da kallo. Ashe akwai maciji da tsawonsa ya kai na bas ɗin Babanki. Akwai mazari mai fukafukai kamar na shaho. Inda yau yake tudu, wai a dā teku ne, kifaye na yawo a samansa. Halittun nan sun ci, sun sha, sun haihu, shekaru miliyoyi, babu mutum ko ɗaya da zai kalle su ya ce kai. Na ajiye littafin na kalli hannuna, na ji na zama 'yar mitsitsiya. Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi su. Abin da mutumin nan yake ta ƙoƙarin nuna mini ke nan, ni kuwa ina ce masa ya matsa in yi shara.

Asabar za a gwada. Ki taya mu da addu'a, domin in wannan bai tashe shi ba, ban san me ya rage ba.

Ummanki

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, da fatan kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Asabar da hantsi suka zo. Mai Walda ya shiga ɗaki ya sa kan igiyar a tafin Babanki, ya gaya masa cewa hancin Mai Dogon Wuya ne wannan, sauran jikin kuma yana waje. Ni aka ba wutsiya, na fita ina warwarewa. Igiya ta fita daga ɗaki, ta ratsa falo, ta bi baranda, ta gangara matakala, ta fita ƙofar gida. Ina tafiya tana biyo ni, ta ƙi ƙarewa. Sai da na wuce shagon mai aski sannan ta miƙe a hannuna. Na waiwaya na ga tagar ɗakinmu can sama. Abu mai rai, mai numfashi, kansa na kan gadonmu, wutsiyarsa na nan hannuna a titi!

Na daɗe a tsaye, igiya shiru. Masu wucewa suna kallona kamar wadda ta zautu. Har na fara cewa a raina shi ke nan, sai na ji ta motsa. Ta sake motsawa.

Nas ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Babanki ya fara taɓa ƙullin farko yana kwance. Ya miƙa hannu ya samu na biyu. Na uku ya fi ƙarfin hannunsa, sai ya tashi zaune. Na gaba kuma sai da ya sauko da ƙafa. Haka wuyan nan ya yi ta jan shi, ƙulli bayan ƙulli, har tsakiyar matakala, kuma bai kai kafaɗa ba. A nan ya tsaya ya tambaya ko har yanzu wuya ne. Aka ce masa wuya ne. Ta ce ya yi ta salati, yana cewa shekara nawa yana faɗin tsawon nan da baki, ashe bai taɓa saninsa ba.

Na gan shi ya fito ƙofar gida da silifas, rana ta bugi fuskarsa. Ya rame, Uwata, rigar ta yi masa yawa. Amma yana tahowa, hannu bayan hannu, ya wuce zoben ƙugu, ya biyo wutsiya, unguwa duk ta tsaya kallo. Mai aski ya fito da almakashi a hannu. Da igiya ta ƙare sai hannunsa ya sauka a kan nawa, ya gane ni nan take.

Ya san doka, don haka ya tambaye ni wacce na zaɓa. Na gaya masa: wata 'yar madaidaiciya ce da aka tono ƙasusuwanta tana kwance a kan ƙwayayenta, ta baza hannuwa ta rufe su. Ƙasa ta rufto, tana da ƙafar gudu, ba ta tashi ba. Haka aka same ta bayan shekaru miliyoyi. Ya matse hannuna a tsakiyar titi, shi da ko sunana ba ya kira a gaban mutane.

Can sai ya juya ya ƙwala wa Tela kira, wai ƙulli ɗaya ya ɓace a wuyan. Tela ya rantse bai ɓace ba. Musu ya kaure, Mai Walda ya shiga, Nas ta shiga, suka ɗunguma shago da shi a tsakiyarsu, suka bar ni da naɗe igiya.

Ki bar motar. In za ki zo, ki zo ziyara. Yau da safe na haɗa masa shayi na kai ɗaki yadda na saba, na tarar gadon babu kowa, ya riga ya sauka. Na tsaya da kofi a hannu ina ta kuka, har shayin ya huce.

Allah ya bar mu tare, ya yi miki albarka.

Taki,
Ummanki