Takardar Kayan Injin Nasiru

Daren Talata, tara ga Rajab.

Yau, bayan kwana hamsin da rasuwar ɗana Nasiru, na iya shiga garejin da ya bar injin motarsa a kwance. Usman makanike ya miƙo mini takardar da yaron ya rubuta da hannunsa, ta kayan da yake so a sa don injin ya ƙara ƙarfi: tafet, wato ƙananan ƙarafan da ke ɗagawa su buɗe bawul ɗin shigar mai da fitar hayaƙi, masu 'yar taya a gindi, da sifirin bawul masu tauri, da sauransu.

Na karanta sau biyu, na ga kuskure. Kamshaf ɗin da ya zaɓa, wato sandar da ke juyawa tana ɗaga tafet, na tafet masu shafaffen gindi ne. Idan aka haɗa shi da masu taya, injin zai ci kansa kafin motar ta kai ko garin Baure. Shekara talatin ina koyar da wannan aikin na kanikanci, amma ɗana bai taɓa tambayata ba, kuma na san dalili.

Usman ya ce, "Baba, a sayo yadda marigayi ya rubuta ko? Ai amana ce."

Na ce masa amanar ita ce injin ya tashi. Na sa ya aika Kano a kawo kamshaf da ya dace, sauran kuwa kada a taɓa, domin daidai Nasiru ya auna su, har tsawon sandunan da ke tura bawul.

Abu goma sha ɗaya daidai, ɗaya kuskure. Da yana raye, na san wanda zan fara faɗa masa. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.